Moton Mushe Abdulmajid a Bakin Rijiya

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantarmu ta sakandare da ke cikin kwarin Tarka ya san Mushe Abdulmajid (mushe, wato malam da Faransanci), ko bai gan shi ba ya ji labarinsa. Ni kam ba labari aka ba ni ba. Shekara biyu muna gida ɗaya, ni Zakari mai koyar da tarihi, shi mai koyar da kimiyya, kuma a shekara biyun nan ban taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai iya ba. In aka yi zancen jirgin sama, saura ƙiris ya zama matuƙi. In aka yi zancen kokowa, ciwon gwiwa ne kawai ya hana shi ɗauko wa Damagaram takobin gasar ƙasa. Amma ko shayi ya dafa sai mun zubar da na farko da na biyu, na ukun mu sha don zumunci.

Abu ɗaya ne ke cin ransa, a mayar da shi Damagaram. Matarsa Nafisa ta zo sau ɗaya, ta kwana uku, ta ga jaki ne ke kawo ruwan wanka, ta ɗaure kayanta ta ce ranar da aka sa famfo a kira ta. Tun daga nan ya rubuta takardar neman canjin wuri har sau huɗu, shiru kake ji. A wannan kam na tausaya masa, don mutumin yana son matarsa.

Ana nan sai Dirakta Tanko ya dawo daga wani taro a Tanut, ya tara mu ya ce daga yanzu kowace Laraba za a ware awa biyu a koya wa yara dabarun zaman duniya, ba karatun takarda kaɗai ba. Ya ce da bazara ansifekta zai zo ya duba, malamin da ya yi fice kuma sunansa zai hau sama. Bai rufe baki ba hannun Abdulmajid ya tashi.

Da muka koma gida na tambaye shi wa zai koya wa. Rabin ajin 'ya'yan makiyaya ne, rabi 'ya'yan manoma, yarinyar da ta fi kowa ƙanƙanta tana iya tatsar taguwa ta yi cuku kafin shi ya gano inda ya ajiye takalminsa. Abin da ba su iya ba shi ne cika takardar neman shaidar haihuwa, da karanta rubutun da ke jikin kwalbar maganin dabbobi, da rubuta wasiƙa zuwa ma'aikata. Na ce ya koya musu wannan, iyayensu su yi ta sa masa albarka. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da motonsa, wato babur ɗinsa.

"Zakari, ka taɓa ganin ansifekta ya ɗauki hoton cika takarda? Abin da yaran nan suke yi al'ada ce. Ni kimiyya zan ba su."

Darasin farko ƙulli ne. Ya samo hotunan ƙullin matuƙan jirgin ruwa a wayarsa, a ƙasar da babban ruwanta tafki ne mai ƙafewa kafin sanyi ya shigo. Ya cika allo da zane, ya aro akuyar matar dirakta, ya ɗaure ta a gindin aduwar tsakar makaranta, ya ja baya yana kakkaɓe hannu, ya ce ko amale aka ɗaure haka sai dai ya haƙura. Akuya ta girgiza wuya sau ɗaya, igiya ta zube. Ba ta ma yi gudu ba. Ta taka a hankali ta shiga aji, ta ci rabin littafin da ya shirya darussan wata uku a ciki. Radiya, 'yar Malam Jibo makiyayi, wadda ita ce ta ɗaya a babban aji, ta kamo ta da hannu ɗaya ta ɗaure da bakin gyalenta, idonta ma yana wani wuri. Mushe ya ce laifin akuyar ne, ba ta saba da ƙullin zamani ba.

Darasi na biyu noman rani. Ya sa aka share bayan aji, ya auna layuka da mita, ya kawo iri a kwano. Irin kuwa daga madafarmu ya ɗebo shi, geron da maƙwabciyarmu ta surfa mana ta wanke ta shanya don tuwon mako. Radiya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wannan ai surfaffe ne." Ya ce shi ya sa zai fi saurin fitowa, an riga an tuɓe masa riga. Mako uku yara suna ban ruwa safe da yamma. Kajin unguwa suka yi ƙiba. A duk filin ƙarangiya ɗaya ce ta tsiro, shi kuma ya kewaye ta da duwatsu kwana huɗu kafin mai gadin makaranta ya ji tausayinsa ya gaya masa ko mece ce.

Iyaye mata suka zo ƙorafi. Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar dirakta ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin an binne tuwo ana ba shi ruwa ba, kuma ruwan da ake zubawar jikarta ce ke ɗauko shi daga rijiya a kan jaki, tafiyar fiye da awa guda. Wani mai kunya da nan ya tsaya. Abdulmajid sai ya kama maganar ya juya ta. Ya ce tsohuwa ta faɗi gaskiya, gero bai yi laifi ba, ruwa ne ya yi kaɗan, ruwa kuma ya yi kaɗan ne saboda mutanen yankinmu na Damargu har yau suna jan sa yadda kakanninsu suka ja. Shi zai gyara wannan a gaban ansifekta.

Rijiyar garin, ga wanda bai san irin namu ba, gaba arba'in ce da wani abu. In ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai wani ɗan haske can ƙasa kamar ƙwayar ido. Hannu ba ya jan ta. Kowane gida na makiyaya yana da gwafarsa kafe a bakin rijiyar, itace mai baki biyu, da kura a tsakani, wato gungumen da igiya ke bi ta kansa yana juyawa. Ana ɗaura wasaki, babban gugan fata, a zura shi, a maƙala ɗaya bakin igiyar a jikin takarkari, wato san aiki, ko raƙumi, a kora shi ya miƙe. Mutum ɗaya yana tsaye a baki, da wasaki ya iso ya yi kira, mai kora ya tsaya ya zare igiya da fizga ɗaya, a juye ruwa a komi, inda dabbobi ke sha. Kowace gwafa da hanyarta da ƙafafun dabbobi suka fitar a rairayi, ba mai shiga ta wani. Da bazara kuma shanu ba kullum suke sha ba, yau a sha, gobe a yini a daji. Wanda ya rasa ranarsa ya shiga uku.

Gwafar Malam Jibo ya nufa, tun da 'yarsa tana ajinsa. Na raka shi don kada a ce ban je ba. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo nono, ya saurari dogon bayani kan ƙarfin doki nawa ke cikin injin moto, sannan ya ce, "Mushe, takarkarin nan nawa shekara tara yana bin hanyar nan. Ko ba a kira ba ya san inda zai tsaya. Moton ya sani?"

"Baba, moto ba ya bukatar sani. Ni ne na sani."

Malam Jibo ya dubi garkensa. Larabar da ansifekta zai zo ranar shan shanunsa ce. Amma mutum ba ya kallon malamin 'yarsa ya ce masa a'a, ga shi kuma malamin ya sha nonon gida. Dattijo ya ce Allah ya kai mu. Abdulmajid ya ƙara da cewa a kawar da takarkarin ranar, kada ya ɓata hoto. Dattijo ya ce to, amma da muka miƙe na ji yana gaya wa Radiya ta ɗaure shi bayan tudu, ba nisa.

Laraba ta zo da rana mai ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Gari ya tashi kaf ya koma bakin rijiya, har masu tuyar ƙosai suka kafa murhu. Ansifekta ya iso a farar mota, wani siririn mutum mara yawan magana, aka ajiye masa kujera kusa da ta dirakta. Can gefe jajayen shanun Malam Jibo, kwana biyu rabonsu da ruwa, suna tsaye sun zuba wa komi ido.

Mushe Abdulmajid ya bayyana cikin kwat da taye da hular kwano. Ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa don jahilai, in ji shi. Ya ce abin da sa ke yi a yini moto zai yi kafin a sha shayi ɗaya. Malam Jibo ya matso zai maƙala masa igiya irin yadda ake yi, mai zarewa da fizga ɗaya, Mushe ya ce a bar shi, ya duƙa ya yi ƙullin jirgin ruwansa a bayan moto, sau uku, ɗaya kan ɗaya. Radiya, wadda ita za ta tsaya a baki, ta ce, "Mushe, in kun ji na ce ya iso, ku tsaya." Ya ce ba sai ta wahalar da maƙogwaronta ba, ya auna igiya, zai duba agogon kilomita na moto. Na raɗa masa cewa agogon nan tun da na san moton bai taɓa motsi ba. Ya ce zai ƙirga da ka.

Aka zura wasaki ya cika. Ya tayar da moto, ya murɗa, igiya ta miƙe. Ya yi taku kamar goma sai tayar baya ta fara haƙa rairayi tana watsa wa masu ƙosai, injin ya yi tari biyu ya mutu. Wasaki cike da ruwa kuwa ya kai nauyin mutum, ga jiƙaƙƙiyar igiya. Sai ga moto yana komawa da baya, a hankali da farko, sannan da sauri, Mushe yana tale ƙafafu yana shurin ƙasa, yana kiran sunan Nafisa a cikin hular kwano. Ƙarti huɗu suka kai masa ɗauki suka riƙe moton saura taku uku ya kai baki. Wani dattijo mai raƙuma ya sassauta rawaninsa ya tambayi dirakta, cikin ladabi, ko darasin na yau na zura moto a rijiya ne, don in haka ne a jira shi ya fara shayar da nasa.

Abdulmajid ya ce wannan gwajin ƙasa ne. Ya sa manyan samarin aji su tura shi har sai ya kama gudu. Suka tura, ya kama.

Gaskiya ita ce wasaki bai taɓa hawowa da sauri haka ba, kura har hayaƙi take yi. Radiya ta ƙwala kira, "Ya iso!" Bai ji ba. Malam Jibo ya yi kira, yara suka yi, gari gaba ɗaya ya ɗauka. Wannan kam ya ji, sai dai ya ɗauka kirari ake yi masa. Ya ɗaga hannu ɗaya sama yana amsawa, ya ƙara wuta da ɗayan. Ya wuce wurin da takarkari ke juyawa, wurin da ko makaho zai gane saboda tarin kashin shekara tara.

Wasaki ya daki kura. Gwafa ta yi ƙara ta tumɓuke daga ƙasa. Rabin ruwan ya sauka a kan Dirakta Tanko da jawabin godiyar da ya riƙe, sauran rabin ya bi moto yana tsiyaya a rairayi, gwafa tana tsalle a baya. Ƙullin da ya kasa riƙe akuya yau ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya saki.

Shanu suka ga ruwansu yana gudu, suka bi shi.

Mushe ya waiwaya don ya ga yadda ansifekta ke tafi, sai ya ga ƙahoni kamar daji ya taso. Nan lissafi ya ƙare. Ya saki hanyar Malam Jibo ya ratsa ta maƙwabta, igiyarsa ta sharɓe ƙafar wani raƙumi da ke cikin ja, raƙumi ya yi ruri ya durƙusa, wasakin mutane ya koma ƙasa da ƙarar da aka ji har cikin gari. Ya ratsa tsakanin masu ƙosai, ya kewaye motar ansifekta, direban da ke barci a ƙarƙashinta ya farka ya ga kofatai ya koma ya rufe ido. Daga nan ya miƙi tudu. Gwafa ta sami gindin wata aduwa ta rungume. Moto ya tsaya cak. Mushe bai tsaya ba, sai da ya ƙara tafiya kaɗan a sama, ya sauka da baya a cikin busasshiyar ƙarangiya. Shanu suka kewaye yagaggen wasaki suna lasa, wata saniya da ba ta sami wuri ba ta zo tana lasar gumin wuyansa.

An yi dariya, ba zan ɓoye ba, har da ni. Amma da na juyo na ga Malam Jibo sai na daina dariya. Yana tsaye yana kallon ramin da gwafar ta fita, gwafar da mahaifinsa ya kafa, maruƙa suna kuka a bayansa, rana ta fara karkata. In shanun nan ba su sha yau ba sai jibi, kuma akwai waɗanda ba za su kai jibi ba. Raina ya ɓaci, kuma har da kaina na ji wa haushi, don ni na raka mutumin nan ya je ya sha nonon dattijo.

Radiya ba ta tsaya kallo ba. Ta tuɓe takalman makaranta, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta fara kiran 'yan ajinsu da suna. Wasu suka kore shanu suka ɗauko gwafa, wasu suka zurfafa rami suna cusa duwatsu, 'yan mata biyu suka zauna da basilla suna ɗinke wasaki, ita ta haura tudu ta dawo da takarkari. Ƙullin Mushe kuwa an yi an yi ya ƙi kwancewa, sai da Malam Jibo ya sa wuƙa, yara suka warware bakin igiyar suka saƙa shi kamar ba a taɓa yanka ba. Abin da ya ba ni mamaki, ansifekta ya cire rigarsa ta sama ya duƙa yana danna duwatsu da diddige, ya ce a ƙara karkata gwafar kaɗan, haka ake yi a gidansu a Gangara. Kafin la'asar ta yi sanyi ruwa ya zuba a komi. Ƙarar shan shanu ta cika wurin. Ansifekta ya ciro waya yana ɗaukar yaran hoto.

Hoton ne ya tashi Abdulmajid. Ya taho yana ɗingishi, ƙarangiya tun daga taye har safa, bakinsa kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, kun gani? Duk shiri ne. Da gangan na ɓata, don a ga abin da za su yi in ba na kusa. Wata shida ina koya musu."

Radiya ta buɗe baki, mahaifinta ya dube ta, ta rufe. Ansifekta ya kakkaɓe hannunsa ya tambaye shi ko da gaske shi ya koya musu duk wannan.

"Daga ƙulli har ɗinki, ranka ya daɗe."

"Madalla. Na ga takardunka huɗu a kan teburina, kuma da niyyar sa hannu na zo, don an ce iyalinka suna can. Amma yanzu na ga zunubi ne a kai irinka Damagaram, inda kowa famfo yake murɗawa. Wa za ka koya wa? An buɗe sabuwar makaranta can arewa, wajen Tenhya. Rijiyoyinsu sun fi wannan zurfi."

Shekara biyu ina jiran ranar da za a faɗi magana Abdulmajid ya rasa amsa. Da ta zo, ya dubi dirakta, dirakta yana matse rigarsa, ya dube ni, ni kuma na sami wani abin kallo a jikin takarkari.

Awa biyun Laraba ni aka ba. Awar farko muna cika takardu da karanta kwalaben magani, ta biyu yaran ne ke koya mana, mu malamai. Yanzu ina iya ɗaure akuya ta kwana inda na bar ta.

Shi kuwa ya tafi bayan damina a motar kasuwa, moton a sama, yaron mota ya hana shi taɓa igiya. Ashe Malam Jibo yana da dangi a can, labari kuma ya riga mota isa. An ce bai gama sauke kaya ba mai gari ya aiko da ƙwaryar nono da gaisuwar maraba, da saƙon cewa suna murna ƙwarai da samun babban malami, suna kuma roƙon arziki ya ba da makullin moton a ajiye masa har ranar da zai tashi.